Gonar da Ba Ta da Kunya

To, ku matso inuwa, tunda kun ce kiwon kaji ba aiki ba ne. Na ji ku jiya a bakin rijiya, kunnena bai mutu ba tukuna. Wai kaza ita ke kiwon kanta, mai ita sai dai ya watsa tsaki ya koma ya miƙe ƙafa. Madalla da ku. Ni ma haka na ce ran da mahaifiyata ta tura ni wurin ƙanenta, Kawu Arzika, bayan gonata ta ƙi ni damina biyu a jere, ga mata ga jinjiri. Na ce, "Inna, ni da gemuna in tai kiwon kaji?" Ta ce, "Gemu ba shi cika rumbu. Tashi."

Kawu ba cikin gari yake zaune ba. Bayan garinmu, kusa da hanyar da ta fito Kebbe ta nufi Fakku, akwai wani fako mai faɗi, fari fat, ƙasar ta yi tauri kamar daɓen ɗaki. Ruwan sama in ya sauka a kai gudu yake yi, ko akuya ba ta tsayawa wurin. Shi Kawu ya roƙa wurin mai gari tun yana da ƙarfi, mai gari ya yi dariya ya ce, "Ɗauka, in ka ga abin ɗauka." Ya kafa bukkarsa a gefe, ya zo da kajinsa. Mutane sunka laƙa masa Sarkin Kaji, ba don girmamawa ba. Lokacin da na isa, fiye da rabin fakon nan ya zama ciyawa, sauran yana nan fari yana jiran layinsa.

Aikin da ya fara ba ni shi ne tada akurki. Namu ba irin na laka ba ne da mata ke ginawa a bayan ɗaki. Na saƙa ne, da rassan geza, zagayayye, ba shi da gindi, ana lulluɓa masa guntun zana saboda ruwa da sanyi. Da yamma sai a shimfiɗa ƙaiƙayi da busasshiyar ciyawa a kan fako, a kifa akurki a kai, a danne bakinsa da duwatsu don kada tunku ya tono, kaji su shiga su kwana. Da safe a sake su, a ɗaga akurkin a matsar da shi gaba, daidai inda na jiya ya ƙare. Abin da sunka zubar a daren ya cakuɗe da ƙaiƙayi, su kuma sun tona sun barbaza. Gara ta ji ƙamshi ta zo ta huda ƙasar daga ƙasa. In ruwa ya sauka sai ya sami ƙofar shiga, irin ciyawar da ke cikin shimfiɗar ya sami abinci. Duk sirrin ke nan, kuma ba ya yi sai an yi shi kowace safiya, da Sallah da ranar suna da ranar da kake zazzaɓi.

Na tambaye shi, "Kawu, mi zai hana mu bar su wuri guda ko da mako, taki shi taru da yawa?" Sai ya ja ni wani wuri a tsakiyar ciyawa inda ƙasa ta yi baƙi zagaye, ko tsiro babu. Ya ce shekarar da ciwon baya ya kwantar da shi, nan akurki ya daɗe bai motsa ba. "Kashin shanu sanyi gare shi," in ji shi, "na kaza wuta na. Kaɗan abinci, da yawa gobara." Ya ce in dangwala ɗanyensa a bayan hannuna in bar shi. Na yi, don taurin kai. Kafin azahar wurin ya yi ja yana ƙaiƙayi.

Sai tukunyar gara, abincin 'yan tsaki. Ka sami tsohuwar tukunya, ka cusa mata busasshen kashin shanu da guntayen karan dawa, ka yayyafa ruwa, ka kai ta inda ka ga hanyar gara ka kife, ka rufe da ganye don rana. Washegari tun iska na da sanyi ka ɗaga, in ka makara sun koma ƙasa sun bar ka da tukunya. Ka zazzage a gaban tsaki, ka ga yadda suke rububi. Amma ka duba irin garar. In zago ce, mai babban kai, kada ka ba ƙanana, tana kama su a maƙogwaro ta ƙi saki. Wanda bai san wannan ba sai ya ce maita ce ta kashe masa tsaki.

Zabbi kuwa, Allah ya ba ku haƙuri in kun shiga harkarsu. Zabuwa ba ta yin ƙwai inda kake so. Sai ta kutsa cikin gamba ta ɓuya, kai kuma ka yi ta laɓe kana sauraron kukan namijin, don shi ke tsaye yana gadi, shi ke tona mata asiri. In ka gano gurbin, da ludayi mai dogon hannu za ka kwasa, ka bar mata kaɗan, in ba haka ba ta sauya wuri ka sake sabon nema. Ƙwan kuma kaza ake sa wa, don zabuwa ba uwa ba ce: tana ƙyanƙyashewa za ta ja su cikin raɓa, kafin hantsi rabi sun sandare. Kazar da ta rene su ita ke koya musu shiga akurki, shi ya sa zabbinmu ba su kwana bisa itace kamar na mutane. 'Yan zabbi ba a sakinsu sai raɓa ta bushe ƙarƙaf. Ga shirwa a sama, ga muzuru a ƙasa, majajjawa ba ta barin wuyana. Ruwan kaskonsu da ɓawon maɗaci a ciki, toka a ƙarƙashin fiffike saboda ƙwarƙwata. Baƙuwar kaza, ko kyauta anka ba mu, tana can nesa ɗaure a gindin aduwa sai mun ga lafiyarta. Wannan ne kuke cewa miƙe ƙafa?

Ciyawar ma da tsarinta take zuwa. Shekarar farko komayya ce da ƙarangiya, ba abin kallo ba. Kada ka raina su, su ke riƙe ƙasa. Bayansu harkiya da kyasuwa su shigo, daga ƙarshe gamba ta kafa gindi. Kawu ba ya bari a sa lauje sai iri ya nuna ya fara zuba, kuma ko an yanka sai an bar wani layi tsaye. Mu shanya a inuwa, mu ɗaure dami-dami, mu ɗora bisa rumfa.

Masu sayenmu iri-iri ne. Akwai wani dattijo mai kula da dawakin wani attajiri a Tambuwal, shi ba ya taya dami sai ya zaro daga tsakiya ya sansana, ya tauna, ya tofar. Ya ce harkiyarmu doki ba ya barin ko tsinke. Masu saƙar zana suna zuwa da kaka don gamba. Fatake masu wucewa Jega su kwashi zabbi a kwando. Mata su aiko a ba su kaza mai ƙiba don mai jego, malamai kuma farin zakara, fari sol, in da gashi ɗaya baƙi sai a dawo maka da shi. Matan masu shanu su kawo nono su karɓi ƙwan zabbi. Ba mu yi arziki ba, amma matata ta daina auna hatsi tana kallon fuskata, ni kuma na daina jin kunyar a ce da ni yaron Sarkin Kaji.

Shekarar da ta karya mu, ba ciwon kaji ba ne. Ruwa ne ya ɗauke daidai gero na fidda kai. Ciyawar daji ta tsaya a idon sawu ta bushe. Kafin tsakiyar rani shanu sun fara kwanciya ba su iya tashi sai an ɗaga su da itace. Duk yankin nan babu inda ciyawa ta kai gwiwa sai wurinmu, don ƙasarmu ta yi laushi, ɗan ruwan da anka samu ta shanye ta riƙe.

Akwai wani maƙwabcinmu, Bube, manomi ne mai garken shanu, gidansu tun kakanni a garin suke. Ya zo da kansa, idonsa ya faɗa, ya tsuguna ya ce, "Baba Arzika, shanuna na mutuwa." Kawu ya nuna masa gefen gabas ya ce ya turo 'ya'yansa su yanka, bai karɓi ko wuri ɗaya ba. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin yana cikin wahala, wanda ya ga saniyarsa na shure-shure ba ya cikin hankalinsa. Amma kaza ci ki goge baki! Bazara na ƙaratowa sai ga ɗan aiken mai gari: ana kiran Kawu, Bube ya kai ƙara, wai fakon nan makiyayar kakansa ce, aro ne anka ba Kawu, yanzu yana son abinsa.

Munka tafi zauren mai gari, dattawa sun cika, liman na gefe. Liman ya fara magana, kuma gaskiya ya faɗa. Ya ce abin da ke cikin littafi shi ne, wanda ya raya matacciyar ƙasa, tasa ce. Kowa ya shaida fakon nan matacce ne tun ana yara. Saura a san wa ya raya shi.

Bube ya ce, "Allah shi gafarta malam, raya ƙasa ai noma na. A tambaye shi, ya taɓa sa kalme wurin? Ya binne iri? Ku tai ku duba, in kun ga kunya guda a gonag ga na bar mai. Ciyawa Allah ka fidda ta. Ya ga dama ya hana, ya ga dama ya ba. Ina anka taɓa gona babu kunya?"

Ni ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba. Na ce, "Gonar ba ta da kunya, kai ma ba ka da ita!" Zaure ya ɗauki dariya, mai gari ya daka mini tsawa, Kawu ya danna mini gwiwa da sandarsa. To amma maganar Bube ta shiga kunnen mutane. Duk manoma ne. A wurinsu aiki shi ne abin da ya bar kunya a ƙasa da kanta a hannu. Ba wanda ya taɓa jin an ce wani ya noma ciyawa, abin da kowa ke yaƙi da shi duk damina.

Mai gari bai so ya zalunci kowa. Sai wani dattijo ya kawo shawara, kowa ya ce ta yi. A raba wurin biyu. A tada kaji daga gefen gabas, a kewaye da ƙaya, kada kaza ta shiga, kada mai ƙafa fuɗu ya shiga, har damina ta wuce. In ciyawa ta ƙi fitowa, to aikin kaji ne, wurin na Kawu ne har jikoki. In ta fito, to ta Allah ce, wurin duka ya koma makiyaya a hannun Bube.

Kawu ya ɗaga kai ya ce, "Ranka shi daɗe, takin na nan cikin ƙasa. Shina kai shekaru bai ƙare ba."

Wani daga baya ya ce, "Kashin kaza? Wanda bai cika farce ba?" Aka sake dariya. Kawu ya sunkuyar da kai. Shi mutum ne da ba ya maimaita magana a gaban manya, in ya faɗa sau ɗaya ba a ɗauka ba, ya gama. Liman ya shafa fatiha, aka watse.

Washegari muna tada akurki na ce masa, "Kawu, kai ka san ciyawar nan za ta fito."

"Za ta fito."

"To ga dabara. Mu daina shimfiɗa, mu tara ɗanyen kashin nan zalla har hadari shi fara haɗuwa. In murtsuke shi in watsa shi da kauri a gefen gabas. Wa zai bambance shi da ƙasa? Ruwan farko na sauka, duk abin da ya tsiro ya ƙone. Ba ƙarya munka yi ba, ai dai aikin kaji anka ce a gani, to su gani."

Ya daɗe yana gyara dutsen bakin akurki. Sannan ya ce, "Tun kana goye nika lallashin ƙasag ga. Da ta fara fidda komayya, kwana na yi ina zagaya ta. Yanzu in sa mata wuta da hannuna?"

Na ce, "Shekara guda ce, Kawu, ta warke."

Ya ce, "Ka ga baƙin wurin can da na nuna maka. Ya warke?"

Na yi masa magiya, na kawo masa zancen matata da 'ya'yana, na kawo masa zancen tsufansa. Ya ce in kama bakin akurki mu ɗaga. Ni dai har gobe ina cewa dabarata ta fi, kuma ranar na ji haushinsa ƙwarai, har na ƙi cin tuwo a bukkarsa.

Damina ta zo da albarka, kamar tana biyan bashin bara. Gefen gabas da ba mai taka shi, ba mai tona shi, sai ya yi abin da bai taɓa yi ba. Kyasuwa ta yi ja, gamba ta wuce kan mutum. Masu wucewa a hanya suna tsayawa kallo. Da kaka mai gari ya zo da dattawa, aka janye ƙaya.  Kawu ya kutsa ciki har munka daina ganinsa, sai motsin kan ciyawa. Da ya fito, rigarsa duk iri, wallahi fuskarsa kamar wanda anka yi wa haihuwa.

Mai gari ya ce, "Arzika, ka gani?"

Ya ce, "Na gani, ranka shi daɗe. Ta yi kyau." Ya juya wurin Bube ya ce, "Abu guda nika roƙo. Kada ka saki shanu sai iri ya zuba. Kuma ka riƙa barin wani gefe shina hutawa." Bube ya ce to, idonsa na ƙasa.

Munka ɗaure kaji a kwanduna, munka ɗora akurki a ka, munka yi arewa. Wani ɗan'uwan Kawu a wajen Dogon Daji ya ba mu wata saura da ta gaji, munka fara daga farko, komayya da ƙarangiya. Kawu bai daɗe yana ɗaga akurki ba, ƙafafunsa sunka ƙi. Ya koma zaman ƙofar bukka yana saƙar geza, yana yi mini faɗa in na makara da tukunyar gara. Kajin sunka zama nawa, sunka yi yawa, har na ƙara akurki. Zancen tsohon wurin bai sake fitowa daga bakinsa ba.

Bayan wasu shekaru na je gida gaida Inna, na bi ta hanyar. Da farko na zaci ɓata na yi. Shanu sun cinye ciyawar tun tana ɗanya, shekara bayan shekara, ba iri ba hutu, kofato ya daddaɓe ƙasar. Takin ya ƙare. Fakon ya dawo fari fat, daga wannan gefe har wancan, sai 'yan kututturen gamba da sunka mutu a tsaye. Shanun Bube na can nesa, ƙashin haƙarƙarinsu a waje. Na tsaya na yi dariya ni kaɗai. Na ce yau gaskiya ta yi halinta, yau duk wanda ya yi dariya a zauren nan ya zo ya gani.

Ban kwana biyu a gida ba, na juyo da sauri, ina ɗokin in kai labari. Na iske Kawu a ƙofar bukka da geza a cinya. Ko ruwa ban sha ba na ce, "Kawu, albishirinka!"

Ya ce, "Goro."

Na ce, "Wurin Bube ya mutu. Ya koma fako tas, ko tsinke babu. Yanzu kowa ya san wa ya raya shi."

Hannunsa ya tsaya a kan saƙar. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, har na ji dariyar ta bushe a bakina. Ban taɓa ganin hawayen Kawu ba, ko ran da anka karɓe wurin, sai ran nan.

Ya ce, "Wanga shi na albishir?"



Ya share ido da bakin riga ya ce, "Har gefen gabas?"

Na ce, "Har can."

Ya ce, "Akurki nawa ka iya rabuwa da su?"

Na ce, "Haba Kawu! Wurin ba namu ba ne. Ko ya rayu, nashi na."

Ya ce, "Na sani. Tai ka gaida Bube, ka ce ni na aiko ka. Ka fara daga gindin aduwa, nan ƙasar ta fi sauƙin kai." Ya jawo gezarsa ya ci gaba da saƙa. "Kuma ka tai da ƙaiƙayi mai yawa. Ta daɗe ba ta ci komai ba."